Wata Huɗu Cikin Shekara 111: Rayuwar Harry Patch, Mai Aikin Famfo

An haifi Harry Patch ranar 17 ga Yuni, 1898, a ƙauyen Combe Down da ke bisa tudu a kudancin birnin Bath na ƙasar Ingila. Ya rasu ranar 25 ga Yuli, 2009, yana da shekara 111 da kwana 38. A cikin wannan dogon zamani, shekara 50 ya yi yana aikin famfo, daga 1913 da ya shiga koyo zuwa 1963 da ya ajiye kayan aiki. Kusan shekara 57 ya yi da matarsa ta fari. Zamansa a fagen daga kuwa bai cika wata huɗu ba, daga Yuni zuwa Satumba na 1917. Duk da haka, wanda duk ya san sunansa a yau, da waɗannan 'yan watanni ya san shi, domin shi ne mutum na ƙarshe da ya rage a duniya cikin sojojin da suka yi faɗa a ramukan Yaƙin Duniya na Ɗaya.

Bai ci gari ba, bai jagoranci kowa ba, da muƙamin ƙaramin soja ya shiga yaƙin, da shi kuma ya fito. Birtaniya ta sa wa mutum sama da miliyan 5 kakin soja a wancan yaƙi, fiye da 700,000 ba su dawo ba, waɗanda suka dawo kuma suka yi ta tafiya ɗaya bayan ɗaya har aka wayi gari saura shi. Tsawon rai ne ya tsamo shi daga cikin taron. Sai dai tsawon rai kaɗai ba ya sa a saurari mutum, tsofaffi nawa ne suke magana ana hamma. A ganina, nauyin da maganarsa ta yi, sa'ad da ya buɗe baki yana da shekara 100, daga waɗancan shekaru 50 da ba a cika ambata ba ya samo shi. Ya saba da aikin da ba a yi masa kwalliya. Bututu ko dai ya riƙe ruwa ko ya yi yoyo, kuma mai gida zai gani da idonsa kafin gari ya waye.

Combe Down ƙauyen masu dutse ne. Daga ƙarƙashinsa aka haƙo mafi yawan dutsen nan mai launin zuma da aka gina birnin Bath da shi a ƙarni na 18, har ƙasan ƙauyen ya zama kogo bisa kogo, gidaje na zaune a kan ramukan da kakannin masu su suka tona. Mahaifin Harry magini ne mai sassaƙa dutse, shi kuma ne auta cikin 'ya'ya uku maza. Da ya bar makaranta a 1913, sai aka kai shi wani kamfanin gine-gine a Bath domin ya koyi aikin famfo, a kan yarjejeniyar shekara biyar.

Ya kamata mai karatu ya cire hoton mai gyaran famfo na yau daga ransa, mai roba da gam da zaren naɗe bakin bututu. A wancan zamani sana'ar dalma ce, har sunanta na Turanci ma daga kalmar Latin mai nufin dalma ya samo asali. Ɗan koyo zai koyi narka dalma, da lanƙwasa bututu ba tare da ya tsuke cikinsa ba, da haɗa bakin bututu biyu ta hanyar zuba narkakken ƙarfe yana shafe shi da ƙyalle mai kauri a tafin hannu tun yana da zafi, har ya daskare sumul. Zai koyi shimfiɗa fallen dalma a kan rufin soro da kwanar indararo, yana bugu da guduma ta katako har fallen ya bi siffar dutsen da ke ƙarƙashinsa. Bayan aikin hannu akwai na ƙwaƙwalwa: gangarar da magudana ke bukata kafin ƙazanta ta wuce ba ta tsaya ba, da yadda za a hana warin lambatu komawa cikin gida. Biranen Ingila ba su daɗe da fita daga annobar kwalara ba a lokacin, kuma sun gane cewa abin da ya raba su da ita shi ne raba ruwan sha da ruwan ƙazanta. Saboda haka mai aikin famfo yana cikin masu tsaron lafiyar gari, ko da yake ba a kiransa likita.

Yana shekararsa ta biyu a koyo yaƙi ya ɓarke, cikin Agusta 1914. Samari suka yi ta tururuwa zuwa ofisoshin ɗaukar soja, Harry bai je ba, kuma bai taɓa ɓoye dalili ba. Wansa soja ne tun kafin yaƙin, an ji masa rauni a Mons a makonnin farko, ya dawo gida ya ba shi labarin abin da ke can ba tare da ƙari ko ragi ba. Daga nan ƙanen ya san ba ya so. Amma zuwa 1916 masu zuwa da kansu sun yi ƙaranci, majalisa ta kafa dokar tilasta wa maza daga shekara 18 zuwa 41 shiga soja, a watan Oktoba na shekarar takardar kira ta iso shi. Aka sa shi a bataliya ta 7 ta rundunar Duke of Cornwall's Light Infantry. Ya sauka Faransa a watan Yuni na 1917, daidai lokacin da yake cika shekara 19.

Aikin da aka ba shi ya dace da hannunsa. An sa shi cikin ƙungiyar mutum biyar masu kula da bindigar Lewis, wata bindiga mai aman wuta da nauyinta ya kai kilo 13, wadda ake ɗora wa faifan harsashi 47 a bisa. Mutum na ɗaya shi ke harbi. Harry shi ne na biyu: yana ɗauke da jakar kayan gyara, yana canza faifai, kuma in bindigar ta cije, shi zai kwance ta ya gano abin da ya hana ta aiki, a cikin taɓo, ana harbinsu. Sauran ukun dakon harsashi suke yi. Bindigar tana da saurin cijewa in laka ta shige ta, kuma rayuwar mutum biyar na rataye da yadda na biyu ya tsabtace ta. Su biyar ɗin tare suke ci, tare suke kwana, in an aiko wa ɗaya ƙunshi daga gida tare suke rabawa, tare kuma suke bin ɗinkin riguna da wutar kyandir suna kashe ƙwarƙwata.

Inda aka kai su shi ne yankin Ypres a Beljiyam, kuma a nan ne labarin ƙasar ya haɗu da sana'ar mutumin ta wata hanya mai ban tausayi. Filin Flanders shimfiɗaɗɗe ne, ƙasarsa yumɓu ce da ba ta shan ruwa, kuma ruwan ƙarƙashin ƙasa yana kusa da sama. Abin da ya mai da shi gonaki shi ne aikin ɗaruruwan shekaru na manoma da suka yi ta haƙa magudanai da kwatoci, suna bi da ruwa zuwa ƙananan rafuka. Babban kwamandan Birtaniya, Douglas Haig, ya shirya farmaki daga nan domin ya kama tuddan da ke gabashin Ypres, ya kuma kai ga tashoshin ruwan Ostend da Zeebrugge da jiragen Jamus masu tafiya a ƙarƙashin ruwa ke amfani da su. Kafin a fara, igwa wajen 3,000 ta yi kimanin mako biyu tana ruwan wuta, aka harba harsashi sama da miliyan 4. Jamusawa da yawa sun tsira a cikin ɗakunan kankare da suka gina. Magudanan ne ba su tsira ba. Ranar 31 ga Yuli aka fara farmakin, a ranar kuma sama ta buɗe, ruwan da aka yi a watan Agusta ya kusa ninka abin da aka saba. Ruwa ya rasa hanya, kowane ramin harsashi ya zama tafki, rafuka suka bazu suka zama fadama. Mutane da alfadarai suka riƙa zamewa daga kan katakon da aka shimfiɗa a matsayin hanya, taɓo na haɗiye su. Yaron da ya yi shekara uku yana koyon yadda ake nuna wa ruwa hanya, sai ga shi tsaye a wurin da aka rushe wannan aiki gaba ɗaya cikin mako biyu.

Wannan shi ne yaƙin da tarihi ya sani da sunan Passchendaele, sunan ƙauyen da sojojin Kanada suka kama kufansa ranar 6 ga Nuwamba. Kowane ɓangare ya yi asarar sama da mutum 200,000, tsakanin matattu da masu rauni da waɗanda suka ɓace. Ƙasar da aka ci ba ta wuce nisan kilomita 8 ba, kuma a watan Afrilu na 1918 aka janye aka bar ta.

Da asubahin 16 ga Agusta bataliyar su Harry ta haye rafin Steenbeek ta nufi ƙauyen Langemarck. Abubuwa biyu daga wannan rana suka zauna masa har ƙarshen rayuwa. Na farko wani saurayi ne ɗan rundunarsu da suka taras a kwance, ɓaraguzan ƙarfe sun tsaga shi daga kafaɗa zuwa ƙugu. Ya roƙe su su harbe shi ya huta. Kafin wani ya zaro bindiga rai ya yi halinsa, kuma kalmar ƙarshe da ta fito daga bakinsa kiran mahaifiyarsa ne. Harry ya riƙa cewa muryar ba ta mai jin zafi ba ce, ta yi kama da ta wanda ya ga wani da ya sani yana murna, kuma tun daga ranar ya tabbata a ransa cewa mutuwa ba ita ce ƙarshe ba. Na biyu wani Bajamushe ne da ya taso musu da banati a bakin bindiga. Harry na riƙe da libarba, yana da 'yan daƙiƙu ya yanke shawara. Ya ce dokar nan ta hana kisa da aka saukar wa Annabi Musa ce ta faɗo masa a rai. Ya harbe shi a kafaɗa, mutumin bai tsaya ba, sai ya harbe shi a ƙafa ya faɗi.

Hakan ba tsautsayi ba ne. Bisa ga abin da ya faɗa, su biyar ɗin sun yi alkawari a tsakaninsu cewa ba za su kashe kowa ba in akwai yadda za a kauce, za su riƙa saita bindiga ƙasa, wajen ƙafafu. Da manyansu sun ji, da hukuncin ya yi tsanani. Mai nazarin tarihi yana da damar ɗaga gira a nan, domin bindigar da ke aman harsashi ɗaruruwa a minti guda ba ta san ƙafa da ƙirji ba, kuma wanda aka karya wa ƙafa a cikin wancan taɓo sau da yawa mutuwarsa aka jinkirta kawai. Harry kansa bai yi da'awar cewa hannunsa fes yake ba. Abin da alkawarin ke nunawa shi ne irin mutanen da dokar tilas ta tara: leburori da masu sana'a da aka ba su aikin da ba su nema ba, suka yi iya abin da za su iya domin su rage wa kansu nauyinsa.

Daren 22 ga Satumba, wajen ƙarfe goma da rabi, suna komawa baya bayan an karɓe su a bakin daga, harsashin igwa ya fashe a saman kansu. Masu dakon harsashin nan uku suka mutu nan take, ba a sami abin binnewa ba. Harry ya farka da tsinin ƙarfe mai tsawon kusan inci biyu a matsematsinsa. A wurin jinya na wucin gadi maganin sa barci ya ƙare, likita ya tambaye shi ko a cire haka, ya amsa. Mutum huɗu suka danne shi. Sai daga baya, yana asibiti, ya sami labarin abokansa. Wani abin da ya ƙara masa ciwo shi ne da laƙabi kawai ya san su, irin sunayen da sojoji ke raɗa wa juna. Yaƙinsa ya ƙare a nan. Ranar 11 ga Nuwamba, 1918, da aka tsagaita wuta, yana tsibirin Wight ana sake horar da shi domin a mai da shi.

Daga nan rayuwar da ya zaɓa da kansa ta fara. Yana jinya a kusa da Birmingham a 1918, wata rana ya sheƙo a guje domin ya sami bas, ya bangaje wata budurwa ta faɗi. Ya tsaya ya ɗaga ta, ya ba ta haƙuri. A watan Satumba na 1919 aka ɗaura musu aure a Hadley da ke Shropshire, suka haifi 'ya'ya biyu maza. Kamfanin da ya yi koyo a wurinsa ya nemi ya dawo ya ƙarasa sauran shekarun yarjejeniya a kan kuɗin ɗan koyo, kamar dai shekarun da ya yi a kaki hutu ya tafi. Ya ƙi, ya nemi aiki a wani wuri. Wannan taurin kai na mai sana'a da ya san darajar hannunsa bai rabu da shi ba har tsufa.

Aikin da ya fi alfahari da shi yana tsaye har yau a birnin Bristol. Shi ne ginin Wills Memorial na Jami'ar Bristol, wanda 'ya'yan attajirin taba Henry Overton Wills suka ba da kuɗin ginawa domin tunawa da mahaifinsu, shugaban jami'ar na farko. Mai zanen ginin George Oatley ne. An fara shi a 1915, yaƙi ya tsayar da shi a 1916, aka koma a 1919, Sarki George na Biyar ya buɗe shi a watan Yuni na 1925. Hasumiyarsa ta kai ƙafa 215, a cikinta kuma akwai ƙararrawa mai nauyin sama da tan 9. Harry ya yi shekara huɗu a wannan gini, yana aikin bututu da na dalma, yana hawa har can ƙoli inda iskar teku ke kaɗawa. Mai wucewa a titi dutsen da aka sassaƙa yake gani, da tagogi masu tsini irin na tsoffin majami'u. Ba ya ganin fallen dalmar da ke hana ruwan sama shiga tsakanin dutse da dutse, alhali ba don shi ba da sanyi da danshi sun daɗe da fara cin ginin. Irin aikin Harry ke nan duk tsawon rayuwarsa: in ya yi kyau ba wanda zai tuna da shi. Daga baya ya zama manajan reshen kamfanin a Bristol, sannan ya kafa nasa.

Da Yaƙin Duniya na Biyu ya zo yana da shekara 41, ya wuce a kira shi soja, sai ya shiga aikin kwana-kwana na sa-kai a Bath. A ƙarshen Afrilu 1942 jiragen Jamus suka yi dare biyu suna jefa bama-bamai a birnin, cikin jerin hare-haren da aka kai wa garuruwan tarihi na Ingila domin ramuwar ƙone birnin Lübeck. Sama da mutum 400 suka mutu. Harry na cikin masu kashe wutar. Daga baya ya koma yankin Street a Somerset, ya riƙa kula da ruwa da magudanan sansanonin sojojin Amurka da ake tarawa domin tsallakawa Faransa, inda ya ga yadda rundunar ke ware baƙaƙen sojojinta daga farare. Wata safiya a watan Yuni na 1944 ya je aiki ya taras da sansani wayam, an kwashe kowa cikin dare. A 1963 ya yi ritaya.

Duk tsawon wannan lokaci bai ce uffan ba game da 1917. Matar da ya yi shekara 57 da ita ta rasu a 1976 ba ta ji labarin saurayin da ya kira mahaifiyarsa ba. Ba ya kallon fim ɗin yaƙi, ba ya zuwa taron tsofaffin sojoji. Bikin da ƙasa ke yi kowace 11 ga Nuwamba yana ganin ado da nuna isa sun yi masa yawa. Ranar tunawarsa ita ce 22 ga Satumba, kuma shi kaɗai yake yin ta, a cikin ɗaki. Ba shi kaɗai ya yi irin wannan shiru ba, halin yawancin sa'o'insa ke nan, wasu don kada su ɗora wa iyali abin da ba za su iya ɗauka ba, wasu don sun ga babu kalmar da za ta isar. Amma shiru yana da farashi a cikin gida, kuma kuskure ne a zana gidan Harry kamar wanda bai ga jarrabawa ba. Ya sake aure bayan ya kai shekara 80, matar ta biyu ma ta riga shi. Tsakaninsa da ƙaramin ɗansa an yi shekaru masu yawa babu jituwa bayan wannan aure. 'Ya'yan nasa biyu duk sun riga shi rasuwa, na ƙarshe a 2002. Abokiyar zaman da ya samu a gidan kula da tsofaffi na Fletcher House a garin Wells ita ma ta rasu a 2007. Wanda ya kai 111 ya binne kusan duk wanda ya san shi yana saurayi.

A wannan gida ne abin da ya binne ya taso. Akwai ɗakin ajiye zannuwan gado da ke fuskantar ɗakinsa, in ma'aikaciya ta kunna fitilarsa da dare, hasken ya faɗo masa yana tsakanin barci da farkawa, sai ya zabura, domin walƙiyar harsashin nan yake gani. A 1998, yana da shekara 100, masu shirya wani shiri na BBC suka zo neman tsofaffin sojojin da suka rage. Ya ga cewa masu iya ba da labarin sun kusa ƙarewa, sai ya yarda.

Abin da ya yi da shekaru goma sha ɗayan da suka biyo baya shi ne ya sa ake ƙaunarsa. Ƙasa tana neman gwarzo da za ta rataya wa furanni, shi kuwa ya ƙi karɓar rigar. Da murya ƙasa-ƙasa, mai kaushi, da lafazin mutanen Somerset, ya riƙa maimaita abu ɗaya a gaban 'yan jarida da janar-janar: bai ga bambanci tsakanin yaƙi da kisan gilla ba, illa shi yaƙi hukuma ce ke tsara shi ta kuma halatta shi, yaƙin da aka gama a kan tebur, da tun farko a kan tebur aka fara, kuma Bajamushen da ya mutu a can ya cancanci a tuna da shi daidai da Bature ɗan Ingila. Ba ya ƙara gishiri. Abin da ya gani shi yake faɗa, inda bai kasance ba kuma ba ya sa kansa. Masanin tarihi Richard van Emden ya zauna da shi suka rubuta tarihin rayuwarsa, The Last Fighting Tommy, wanda ya fito a 2007 Harry na da shekara 109. Tommy laƙabi ne da ake yi wa ƙaramin sojan Birtaniya. Kuɗin da littafin ya kawo masa bai riƙe ba, ya ba ƙungiyar ceton rai a teku ta RNLI ta sayi ƙaramin jirgin ceto.

A 2004 aka haɗa shi a Beljiyam da Charles Kuentz, mai shekara 107, wanda ya yi wa Jamus aikin igwa a wannan fagen daga. Kuentz ɗan yankin Alsace ne, an haife shi lokacin da yankin ke hannun Jamus, yaƙi na ƙarewa ya wayi gari Bafaranshe ba tare da ya matsa daga garinsu ba. Harry ya yi ɗari-ɗari da farko, daga baya ya miƙa hannu. Ya ba shi kwalbar giyar tuffa ta Somerset, shi kuma ya ba shi biskit na Alsace. A 2007 ya koma Flanders ya girmama matattun Jamus kamar yadda ya girmama nasu. A watan Satumba na 2008 ya kafa ɗan ƙaramin dutsen tunawa a bakin Steenbeek, a daidai inda bataliyarsu ta haye shekara 91 da suka wuce. Lambobin girma sun zo daga Faransa da Beljiyam. Jami'ar Bristol kuma ta ba shi digirin girmamawa a 2005, a cikin ginin da ya yi wa aikin dalma, sannan a 2008 ta gayyace shi ya kunna sabbin fitilun hasumiyar bayan an wanke ta. Cikin duk karramawar da aka yi masa, wannan ce ta tuna cewa mutumin yana da sana'a.

Akwai abin da mai karatun Hausa ba zai rasa lura da shi ba a nan. Birtaniya ta iya ƙirga tsofaffin sojojinta har zuwa na ƙarshe saboda ta rubuta sunayensu tun farko. A ƙofar Menin da ke Ypres akwai sunayen mutum sama da 54,000 da ba a ga gawarsu ba, a Tyne Cot akwai wasu kusan 35,000. Amma yaƙin bai tsaya a Turai ba. Wanda ake dangana wa harbin farko da sojojin Birtaniya suka yi a yaƙin shi ne Alhaji Grunshi na rundunar Gold Coast, a ƙasar Togo, cikin Agusta 1914. Rundunar Nijeriya, wadda da Hausa ake ba ta umarni, ta yi faɗa a Garwa har ta faɗi a Yuni 1915, da dutsen Mora har zuwa Fabrairu 1916. A tsakiyar Oktoba 1917, Harry na kwance a asibiti ana ci gaba da nitsewa a taɓon Passchendaele, sojojin Nijeriya na shan mummunar asara a Mahiwa, a kudancin ƙasar da ake kira Tanzaniya yanzu. A 2021 hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen Commonwealth ta amsa a cikin rahotonta cewa aƙalla mutum 116,000, wataƙila har 350,000, mafi yawansu 'yan Afirka da Gabas ta Tsakiya, ba a rubuta sunayensu a ko'ina ba, wasu ma ba a yi musu wata alamar tunawa ba sam. Su ma manoma ne da maƙera da masaƙa da aka ɗauko daga kan sana'arsu, waɗanda suka dawo kuma suka koma mata.

Ranar 11 ga Nuwamba, 2008, shekara 90 da tsagaita wuta, aka turo mutum uku a keken guragu zuwa gaban dutsen tunawa na Cenotaph a Landan: Henry Allingham, da Bill Stone, da Harry Patch. Stone ya rasu a Janairu 2009. Allingham ya rasu ranar 18 ga Yuli yana da shekara 113. Bayan mako guda Harry ya bi su.

An yi jana'izarsa a babbar majami'ar Wells ranar 6 ga Agusta, 2009. Aka kaɗa ƙararrawa sau 111, dubban mutane suka cika tituna cikin yayyafi. Sojojin rundunar The Rifles, wadda ta gaji tsohuwar rundunarsa, su suka ɗauki akwatin, sojoji bibbiyu daga Beljiyam da Faransa da Jamus suna rakiya, wani jami'in ofishin jakadancin Jamus kuma ya yi karatu daga Littafi Mai Tsarki. Bisa wasiyyarsa ba a bari an shiga da makami ko ɗaya ba, har takubban ado na hafsoshi. Daga nan iyali suka wuce da shi maƙabartar majami'ar St Michael a Monkton Combe, a gangaren tudun da aka haife shi, aka binne shi kusa da mahaifansa da ɗan'uwansa.